Man Shanun da Ya Tafi Garwa

Duk mai shiga Kasuwar Muda Lawal ya san man shanun gidan Malam Hammadu na Inkil, na cikin robobi masu jan murfi. Da shanun gidansu ya kafa kamfanin, kuma Hafiza, 'yarsa ta fari, ita ce a bakin tukunya tun tana budurwa. Da Allah ya yi masa rasuwa sai aka ɗora ƙanenta Fakhruddeen a kujera, don shi ne namiji, ga shi ya yi jami'a a Yelwa, ya fito da tabarau wanda matan unguwa suka rantse ba na ciwon ido ba ne.

Ana nan sai wani attajiri, Alhaji Badruddeen, ya zo daga Garwa ta ƙasar Kamaru. Ya lakaci man ya kai baki, ya lumshe ido, ya ce irin wannan yake so, a riƙa kai masa mota-mota.

Ranar Fakhruddeen ko tuwo bai ci ba. Ya ce a sayar da garke, a sayi babbar mota da injina. Nono kuwa a riƙa saye a wasu rugage, wai ai nono nono ne.

"Garken wa za ka sayar?" in ji Hafiza. "Kamfani ko ɗan maraƙi ba shi da shi."

Haka ne kuwa. A gidansu kowace saniya da mai ita: wannan an ba wane ranar sunansa, waccan sadakin wance ce. Marigayi tatsa kawai yake yi da yardar kowa.

"Adda, ke za ki bi min su," ya ce. "Sunan Baba fa zai ƙetare iyaka."

Wannan zancen sunan Baba shi ya kama Hafiza. Ta bi dangi gida-gida. Wasu suka yarda don kwaɗayi, wasu don kada a ce su suka hana. Saura Dada, mahaifiyarsu. Shanunta duk zuriyar karsanar da mahaifinta ya ba ta ne, babbarsu Wule, wadda ba ta sakin nono sai Dada ta kira sunanta.

Fakhruddeen ya san abin da ya sa bai je wajenta da kansa ba. Da shi ne, da Dada ta kore shi da muciya. Amma Hafiza 'yar fari ce. Dada kunyarta take ji, ba ta faɗin sunanta, ba ta haɗa ido da ita, balle ta yi musu da ita. Hafiza ma ta san haka, kuma ta je.

Dada ta saurara tana kallon bango. Can ta ce, "To."

Aka kwashe shanu, mota ta zo da sunan Malam Hammadu a jikinta da manyan baƙaƙe. Hafiza ta soya man da nonon saye, tun a tukunya hancinta ya gaya mata ƙamshin ba na da ba ne, ta dai zuba a robobi. Kaya ya bi ta Yola ya isa Garwa. Alhaji ya sake lakata. Wannan karon bai lumshe ido ba.

"Wannan muna da shi a nan," ya ce wa Fakhruddeen. "Ku kawo min wancan."

Wancan kuwa yana jikin shanun da aka sayar.

Hafiza ta ɗauki mayafi ta nufi kara, kasuwar shanu, ko za ta dawo da Wule kaɗai. Dillalin ya ce tuni aka loda ta a motar Kudu, wajen mahauta.

Da ta komo ta tarar da Dada a bakin garken da ciyawa ta fara cinyewa, tana wanke ƙwaryar tatsa kamar kullum. Hafiza ta durƙusa a bayanta.

Dada ba ta waiwayo ba. "'Yar nan, an gaya wa wanda ya saye ta sai an kira sunanta?"

"An gaya masa, Dada."

"To madalla," in ji tsohuwar, ta kife ƙwaryar.