Kuɓewa Mai Jan Ƙyalle

"Uwar 'Yan Biyu, ajiye wuƙar nan. Mai ƙyalle ta iri ce."

Na ɗaga kai, sai ga Baba Tela a tagarsa, takunkumi a haɓa, yana tari yana nuna ni da almakashi. Wata na uku ke nan da kulle gari saboda annoba, kasuwa a rufe. Mu ƙofa takwas na gidan haya muka haɗu muka tone filin shanya, muka shuka kuɓewa da alayyafo. Shi ko fartanya bai taɓa ɗagawa ba, amma ya naɗa kansa sarkin noma, don irin daga gwangwanin maɓallansa ya fito. Duk kuɓewar da ta fi kyau sai ya ɗaura mata jan ƙyalle, wai a bar ta ta bushe.

"Baba, yau yara ke jin yunwa, kai kana zancen baɗi."

"Wa ya ce miki baɗi ba a jin yunwa?"

Na yi ƙwafa na bar wurin.

A satin nan ciwo ya kwantar da shi, aka hana shiga ɗakinsa. Muka raba kwanaki, kowace ƙofa da ranar da za ta ajiye masa kwano a bakin taga. Ranar tawa ba ni da abin kaɗi. Na leƙa, labulensa a sake, na yanke huɗu cikin bakwai masu ƙyallen.

Da na je ɗaukar kwano na tarar da shi jingine da ƙarfen taga, numfashi da ƙyar.

"Saura uku, na ƙirga," ya ce. "Kuma gishiri ya yi yawa."

"Sannu, Baba. Ai ga shi ka shanye."

"Ukun nan amana ce a hannunki."

Bayan kwana biyu motar asibiti ta tafi da shi. Ta waya aka gaya mana rasuwar, ko rakiya ba a bar mu mun yi ba. Har ga Allah na ji haushinsa, mutum ko tsayawa a nemi gafararsa bai yi ba.

Rannan wata maƙwabciyarmu, matar direba, ta miƙa hannu wajen ukun. Ban san lokacin da na ce, "Mai ƙyalle ta iri ce" ba, ta janye hannu tana hararata.

Yanzu sun bushe, ƙyallen ya koɗe. In iska ta kaɗa, daga bakin ƙofata ina jin 'ya'yan suna motsi a ciki.