Injin da Yamusa Ya Zaɓa

"A hankali, Solomon, a hankali. Ba buhun dawa ba ne."

Maƙwabcina Yamusa ne ke magana. Ya jingina cikinsa da gefen motar, hannuwansa biyu na tare injin da ke lilo a sarƙa. Sarƙar kuma an rataye ta a reshen mangwaron da ke tsakanin gidana da nasa. Ni ina zaune a ƙofa ina tankaɗen gari, ina kallonsu kamar yadda rabin mutanen Karshi suka saba kallon duk abin da ya shafi motar nan.

Tsohuwar Landirofa ce, ya saye ta a hannun wani Bature likitan shanu tun kafin a ba mu mulkin kai. Ita kaɗai ce mota a garinmu. Ta kai doya kasuwa, ta kai amare, ta kai marasa lafiya asibitin Keffi. Ta tsufa har sai da yara suka daina tsoronta. Nakan ce masa, "Yamusa, tsakanin kai da motar nan wa ke ɗaukar wani?" Sai ya yi dariya ya ce, "Hansatu, kai ba ka san mota ba." Shi Bagware ne, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

Daminar bara dariyar ta ƙare. Matarsa ta kamu da ciwon ciki mai tsanani, ya ɗauke ta zuwa Keffi, motar ta kai tsakiyar Hawan Gawo ta mutu. Ya tayar, ta sake mutuwa. A nan cikin laka matar ta cika, kanta a cinyar 'yarsu Asibi. Yanzu ga Asibi da tsohon ciki, haihuwar fari, ta dawo gidan uba, ƙafafunta sun kumbura, ga damina ta sake kamawa.

Shi ya sa ya ɗauko Solomon, bakanike daga Keffi, da injuna biyu na hannu a bayan wata babbar mota. Ɗaya irin na da ne, mai silinda huɗu. Ɗayan mai shida, ƙato, baƙi. Sun kwana suna gardama a kansu har na haddace.

"Oga, ka sa ƙaramin," in ji Solomon. "Zai zauna daidai, ba yanka, ba walda, ba shan fetur."

"Zai hau Gawo da laka?"

"Zai hau, in an lallaɓa shi."

"Na lallaɓa wancan, ka ga inda ya bar ni. Sa babban."

Da aka zo ratayewa Solomon ya ɗaga kai ya dubi reshen, ya ce a kafa itatuwa uku a ɗaure. Yamusa ya ce a wannan reshen yake sauke tsohon injin duk shekara, bai taɓa ko motsi ba. Gaskiya ya faɗa, ni shaida ce. Sai dai reshen bai taɓa ɗaukar mai shida ba.

Ban ji wata babbar ƙara ba. Ƙas kawai, kamar an karya rake. Injin ya faɗa cikin motar, reshen ya biyo shi ya sauka a bayan Yamusa, ya danne cikinsa da ƙarfen motar. Rariya ta suɓuce daga hannuna. Asibi ta fito da gudu, ciki a gaba. Maza suka ɗage reshen, kowa na salati.

Sai ga Yamusa ya miƙe. Ya karkaɗe ganye daga kansa, ya leƙa cikin motar, ya ce, "Ka gani? Ya shiga da kansa."

Aka fashe da dariya, irin ta wanda ya tsorata. Ba jini, ba karaya. Solomon ya duba injin ya ce wata 'yar roba ce kawai ta fashe, yana da wata. Aka shimfiɗa wa Yamusa tabarma a gindin mangwaron, ya jingina, ya ci gaba da ba da umarni kamar sarkin gini.

Wajen azahar ya ce in ba shi ruwa. Ya shanye kwarya, ya nemi ƙari. Da na karɓi kwaryar hannunsa ya taɓa nawa, sanyi ƙalau, ga gumi na tsattsafowa a goshinsa.

Na ce, "Baban Asibi, jikin nan ba daidai yake ba. Bari in kira samari su ɗauke ka a gado zuwa babban titi, ko a sami mota mai wucewa."

"Kafaɗa ne kawai yana ciwo."

"Leɓenka ya yi fari."

Ya sassauta murya don kada Asibi ta ji. "Hansatu, in na tafi, Solomon zai bi ni, aiki zai tsaya. Yarinya nan watanshi ya kama. In naƙuda ya zo gobe, a gado za a kai shi Keffi? Bari mota ya tashi, ni da kaina zan tuƙa in je in ga likita."

Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na kira shi mai taurin kai. Ya yi murmushi ya ce in tafi in ɗora tukunya. Raina bai kwanta ba, amma mutumin da ke zaune yana zolayarka, ta yaya za ka ɗaure shi a gado?

La'asar ta yi sanyi lokacin da Solomon ya goge hannu ya hau kujera. Unguwa ta taru. Ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake. A karo na uku ta kama, da wani gurnani mai kauri da ba mu taɓa ji ba, har kaji suka watse. Yara suka hau tsalle. Solomon ya leƙo yana washe baki.

"Oga, ka ji murya? Oga?"

Muka juya. Yana nan yadda yake, bayansa a jikin mangwaro, sifana a cinyarsa, idonsa a kan motar. Asibi ta durƙusa da ƙyar ta girgiza shi. Kansa ya karkata gefe.

Ba wanda ya yi kuka nan take. Mun tsaya ne kawai, injin na ta aiki, har sai da wani dattijo ya ce wa Solomon ya kashe. Ni dai na zauna a ƙasa. Ɗazu-ɗazun nan mutumin nan ya ce in ɗora tukunya. Har yau ban san ko ya ji tashin injin ba, kuma ba wanda zai iya gaya mini.

Washegari danginsa suka ce a ƙauyensu za a binne shi, kusa da matarsa, can bayan Hawan Gawo. Aka naɗe shi a tabarma aka shimfiɗa a bayan motar. Asibi ta ƙi zama a gaba, don haka na hau baya tare da ita. An yi ruwa da safe, hanya duk ta jiƙe.

Da muka tunkari hawan na ji ta damƙe hannuna. Ta san wurin, har kwatamin da suka tsaya bara ta sani. Solomon ya sauya giya. Motar ta shiga laka, ta yi gurnani, ta wuce kwatamin ba ta ko yi tari ba, ta ci gaba da hawa har inuwar gawon ta rufe mu.

Asibi ta saki hannuna. Ta ɗora tafinta a kan tabarmar, wajen kafaɗarsa, ɗaya hannun a kan cikinta.

A hankali ta ce, "Baba, mun hau."