Gwaibar da Malam Barau Ya Sare

Da Malam Barau ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Dutse, sai ya dawo mana Miga da dashe goma sha biyu a bayan mota, wai gwaibar daji ce daga Brazil. Mu da muka tsufa da fartanya a hannu, mu aka tara ana koya wa noma. Mutumin da ko gero da maiwa ba ya bambancewa!

Don ya samu wurin dashen, ya tumɓuke zogalen matarsa Adawiyya da ke bayan gida. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, Allah ya nuna mana abin da ya fi zogalen." Maganar nan ta tsaya masa a wuya shekara uku, yana ban ruwa yana jiran ranar da zai rufe mata baki.

Da 'ya'yan suka fito, ba su fi kanya girma ba, ya tsaya ƙofar masallaci ya yi shela: wanda ya faɗo ƙasa na kowa ne kamar yadda aka gada a garin nan, na kan reshe kuwa nasa ne. Ai babban ma'aikaci ba ya tsintar abu a ƙasa.

Kullum sai ya tsinko na sama ya gatsa, ya yamutsa fuska, tsami kamar tsamiya. Mu kuwa da hantsi mu bi gindin bishiyoyin mu cika aljihu. Ashe ita wannan gwaibar sai ta nuna take sakin reshe. Zaƙi da ƙamshi ba a magana, matanmu har lemo suke haɗawa da ita. Babu wanda ya gaya masa. Ni ma ban gaya masa ba, wa zai koya wa malami karatu?

Kaka biyu ya jure. Wata Asabar ya sa gatari ya sare su kaf, ya shiga gida ya ba Adawiyya haƙuri.

Bayan la'asar muka je masa jaje, mu wajen ashirin. Yahuza mai shayi, har da ƙwalla, ya ce, "Haba Malam, me muka yi maka? Wallahi tun da nake ban taɓa shan abu mai daɗin gwaibar nan ba."

Malam Barau ya saki baki yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Daga bayan ƙyauren zaure Adawiyya ta ce, "Gaskiyarsa ce, Malam. Ni ma kullum sai na tsinto."