Maganin Khairiyya

Tun safe jikin Khairiyya yake kamar garwashi, duk abin da aka ba ta sai ya dawo. Mahaifinta Sama'ilu ya hau babur zuwa Ɗambatta, ya dawo da magani daga kemis, fari, mai kama da ƙwallon dabino.

"Yaya aka ce a ba ta?" Hure, matarsa, ta karɓi kwalin ta tambaya.

Ya sosa ƙeya. "Cewa ya yi a sa mata."

"A sa mata a ina?"

Hankalinsa na kan hanya lokacin da mai kemis ke bayani.

Inna, mahaifiyar Sama'ilu, ta miƙo hannu. "Kawo in daka shi a kunu. Magani ai ta baki yake shiga."

Hure ta ƙi saki. Ta yi sakandare kafin aure, ta ƙura wa kwalin ido. Rana ta cinye rubutun, kalma ɗaya ce ta fito sosai: insert. Ta shiga lalubo abin da malamin Turanci ya koya musu. Swallow shi ne haɗiya. Pour, zubawa. Inject, allura. Stuff, cusawa da ƙarfi. Insert kuwa zura abu ne a hankali cikin gurbinsa, kamar layi a waya. Da na sha ne, da ba haka za su rubuta ba. To, wane gurbi? Kunne? Hanci? Yarinyar ta yi wani nishi, Hure ta miƙe.

"Inna, ki yi haƙuri, kada a ba ta komai sai na dawo."

Ta ɗauki waya ta ratsa gonar gero da gudu har kan tudun da ake samun sabis, ta kira yayarta Aina'u, ma'aikaciyar jinya a Kano. Kira yana shiga yana yankewa. Da ƙyar murya ta fito, Hure ta yi mata bayani a gurguje.

"Kada ku kuskura ta sha! Ta dubura ake sa shi, saboda masu amai. Ki wanke hannu, ki zura a hankali. Kuma ko zazzaɓin ya sauka, ku kai ta asibiti yau."

Da Hure ta faɗa a gida, Inna ta yi salati ta kama haɓa, sannan ta tashi da kanta ta ɗebo ruwa da sabulu, ta riƙe jikarta a cinya. Hure ta wanke hannu, ta zura maganin a hankali.

Wajen la'asar gumi ya karyo wa Khairiyya, ta buɗe ido ta nemi ruwa. Hure ta goya ta, Sama'ilu ya tayar da babur.