Mai Faɗin Baki

Dogo ya faɗo garejin yana tsallake tsofaffin tayoyi, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Sun iso, Oga?"

"Sun iso, sarkin zumuɗi," in ji bakaniken. Ya buɗe kwalaye biyu a kan benci. Totur bodi ne, wato maƙogwaron da inji ke shaƙar iska ta cikinsa. Ba na kamfanin motar ba ne, na wasu maƙera ne daban, sai ƙyalli suke yi.

Dogo ya ɗauki babban, ya leƙa ta bakinsa, ya tura murfin ciki da yatsa. Har ya fara jin kukan injin a kunnensa. Motar gidansu ta daɗe tana ba shi kunya a hawa, manyan motoci ma wuce shi suke yi.

"Matsakaicin nan zai ƙara mata numfashi, kuma za ta tashi a hankali," in ji bakaniken. "Wannan mai faɗin bakin kuwa, kana shafar totur za ta zabura. Sai mai tsayayyar ƙafa. Kai kaɗai ke tuƙa ta?"

Ba shi kaɗai ba ne. Da Baba suke tuƙa ta, tsohon direban da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan titi, wanda yanzu ƙafarsa ta dama ke rawa. Kowa a gidan ya gani, an rasa mai iya ce masa ya ajiye makulli.

Dogo ya kira yayarsa a waya, ya zayyana mata komai.

"Sa babban mana!" in ji Yaya. "Ta zabura da shi sau ɗaya, da kansa zai miƙo makullin. Kai ka samu gudunka, mu mun huta da fargaba, ba wanda ya yi masa rashin kunya."

Dogo ya yi tsalle har ya buge gwangwanin giris. Wannan ai dabara ce! Sai dai kafin ya gama ɗauko gwangwanin, murnar ta fara tsami. A ina za ta zabura da shi? A bakin ƙofa, ko a mararraba? Ko da ba a ƙwarzani kowa ba, tsohon zai sauko yana zargin ƙafarsa da laifin da ƙarfe ya yi. Ƙafar tana rawa, gaskiya ne. To amma in an sa mutum ya yarda da gaskiya ta hanyar ƙarya, me aka yi masa ke nan?

"Ara mini su duka biyun, Oga. Yanzu zan dawo."

Ya tarar da Baba a tsakar gida yana gyaran rediyo. Ya durƙusa, ya ajiye kwalayen, ya faɗi abin da bakanike ya ce, har da shawarar Yaya, yana kallon ƙasa.

Baba ya ɗaga babban ya saita shi da rana, ya kanne ido ɗaya.

"Kai! Wannan ai ɗan akuya zai wuce ta ciki. Ina ma a zamanina aka yi shi!" Ya yi dariya har da tari. "Wato tarko 'yar nema ta shirya mini?"

"Tsoro take ji, Baba. Ni ma haka. In kana son ci gaba da tuƙi, matsakaicin za a sa."

Baba ya dubi ƙafarsa, tana ɗan karkarwa a kan tabarma. Sannan ya ɗago kai.

"Na riga ku sanin halin ƙafar nan. Abin da ba na so shi ne a mayar da ni yaro." Ya zaro makulli daga aljihu ya jefa wa Dogo. "A sa babban. Amma kujerar gaba tawa ce, ko matarka ba ta isa ba."

Washegari da hantsi, bayan an ɗaura babban, suka hau babban titi. Dogo ya taɓa totur, motar ta yi gurnani, bayansu ya manne da kujera. Hawan da ya saba wahalar da su ya taso, ga wata tirela tana jan ciki a gaba.

Baba ya sauke gilashi, iska na kaɗa masa riga, yana dukan ƙofa da tafin hannu.

"Hanya fes take, ɗan nan! Sa sigina. Yawwa, canza giya. Taka ta!"