Tayar da Muntaka Ya Ƙi Riƙewa

Shekara talatin da ɗaya Ilu ya yi a aikin jirgin ƙasa kafin ya dawo Ruwan Bago, garin da ko ƙusar layin dogo babu. Da shebur ya fara, yana ɗura wa tsohon jirgi gawayi har gashin girarsa ya ƙone. Da aka kawo sababbin kawunan jirgi masu shan dizal ya zauna ya koya, ya zama direba.

To, bakinsa ne ya ja masa. Wata rana a majalisa aka tambaye shi yadda wannan ƙaton abu yake tafiya, sai ya ce, "Injin ba ya taɓa ƙafafun jirgi. Wutar lantarki yake haɗawa, ita ce take bin waya ta juya su."

Muntaka mai gyaran babur ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Shi da ya tsufa cikin sarƙa da bel, a ce masa inji yana juya taya daga nesa? Tun ranar aka laƙaba wa dattijo Ilu Lantarki, wasu ma har da cewa shara kawai yake yi a tasha. Abin ya ƙona masa rai, amma ya haɗiye.

Ana nan mijin Barira, ƙanwar Ilu, ya rasu. Damina na faɗuwa sai ga kunyar gonar Muntaka, maƙwabcinsu, ta tsallaka cikin gonar marayu, har kunya goma sha biyu. Cikin waɗanda aka yanka iyakar a gabansu, Ilu kaɗai ya rage a raye.

Barira ta kai ƙara. A gaban dagaci ko zama Ilu bai gama yi ba Muntaka ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ne shaidar? Mutumin da ya ce inji na juya taya bai taɓa ta ba?"

Aka kwashe da dariya. Dagaci ya ce a kawo wani shaida ran Alhamis, in babu, iyaka ta tsaya inda Muntaka ya nuna.

A hanya Barira ta fashe da kuka. "Yaya, don Allah ka ce wasa kake yi, a wuce wurin."

"In ce na yi ƙarya don a yarda ni mai gaskiya ne? Wallahi ba zan faɗa ba."

Washegari ya hau motar Karaye. Wurin Basiru mai walda ya aro janareta mai shan dizal, da motar lantarkin da ke juya wani tsohon famfon ruwa, da waya kamu hamsin. Kwana biyu yana kwance-kwance da ɗaure-ɗaure a zaure, ba wanda ya kula.

Ran Alhamis da hantsi ya girke injin a gindin tsamiya, ya ja waya ta ratsa fili har ƙofar dagaci. Can ya kifa amalanke, taya a sama, ya ɗaura mata motar famfon. Gari ya taru kamar ranar kasuwa.

Ya ɗora hannu a kan injin, sannan ya waiwayo. A layin dogo ba a tayar da jirgi sai an duba ba kowa a kan layi, shi kuwa yau neman mutum yake a kai.

"Muntaka, je wurin tayar ka duba. Akwai sarƙa?"

"Babu."

"Bel fa?"

"Babu."

"To, zura hannunka cikin tayar ka riƙe, zan tayar. Ai ba abin da ya haɗa ta da inji."

Muntaka ya dubi tayar, ya bi waya da ido har tsamiya. Ya matso, ya miƙa hannu, sai kuma ya tsaya. Wannan hannun fa shi yake ci da iyali. A hankali ya janye shi ya cusa a aljihu.

Sai da kowa ya gani sannan Ilu ya murɗa makulli. Inji ya yi tari ya kama, can nesa taya ta ɗauki gudu har ba a ganin ƙarafanta. Dattawan da ke kusa suka tattare riguna suna salati.

Ilu ko kallonta bai yi ba, ya riga ya gaji da ganin irin wannan. Ya kashe injin, ya goge hannu, ya tako ya durƙusa gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe, yanzu a sake tambayata inda gonar marayu ta tsaya."