Minti Huɗu Ga Baƙo

"Matso min da wayar kusa da bakina," in ji Baba Maƙeri.

Tela bai matso da ita ba. Yana zaune a bakin gadon, babban yatsansa a kan lambar Direba, ɗan tsohon tilo. Tun hantsi yake fama da shi ya bari a kira ɗan nasa, tsohon yana juya fuska bango. Amma da wayar ta yi ƙara, Tela ya yi suɓul da baka ya ce wani baƙo ne ya shigo zaure, sai ga idon tsohon ya buɗe tar.

Zauren na intanet ne, na masu ƙera wuƙa da masu sha'awarta, mutane sun haura dubu uku. Shekara tara Baba ne mai tarbar baƙi a ciki. Duk wanda ya shigo, shi zai fara yi masa sannu da zuwa, ya tambaye shi ƙarfen da yake aiki da shi, ya ja kunnen tsofaffin hannu kada su raina sabon shiga. Da idonsa ya yi rauni, Tela, wanda shagonsa ke jingine da maƙerar, ya zama mai karanta masa.

Baba ya tambayi abin da baƙon ya turo. Tela ya faɗa masa a daƙile: hoton wuƙarsa ta farko ce, bayanta a karkace, ƙotar an naɗe ta da tef. Har mutum shida sun sa fuskar dariya a ƙasa. Wani ma ya ce ta fi dacewa da tonon rami.

Ran Tela ya gama ɓaci. Jiya likita ya tsaya a tsakar gidan nan ya ce hayaƙi da ƙurar ƙarfe sun cinye huhun, abin sai kwanaki.

"Baba, numfashin da ya rage maka ba yawa. A kan wanda ba ka taɓa gani ba za ka ƙarar da shi?"

"In aka bar su suna masa dariya, ba zai sake ɗaukar guduma ba."

"Ashe ka sani. Ka san haka, ka karya wuƙar ɗanka?"

A gaban Tela aka yi. Direba yana da shekara ashirin ya kawo wuƙarsa ta farko, kwana goma yana aikinta. Baba ya ɗora ta a maƙera, ya sa guduma ya raba ta biyu a gaban masu saye, ya ce abin kunya ba zai fita daga shagonsa ba. Saurayin ya wanke hannu a bokiti, ya fita. Ya koyi tuƙin bas, ya yi aure a wata unguwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, gaisuwa sai ta bakin mutane.

Tsohon ya rufe ido, ƙirjinsa yana ƙara kamar tsohon zugazugi, hannunsa a miƙe yana jiran waya. Tela ya yi tsaki, ya danna wurin ɗaukar murya, ya kara masa a baki.

Baba ya yi wa baƙon maraba cikin wata murya mai laushi da Tela bai taɓa jin ya yi wa na gida magana da ita ba. Ya ce karkacewar ba laifinsa ba ne, zafin wuta ne bai daidaita ba. Ya ce ya ajiye wuƙar, kada ya jefar, wata rana zai so ganinta. Yana tsayawa ya yi tari, ya ci gaba. Minti huɗu cif.

Tela ya fita soro ya kira Direba, bai nemi izinin kowa ba. Direba na kan hanya da fasinja cike. Kafin ya sauke su ya juyo, rana ta karkata, Baba ya cika.

Direba ya shigo da rigar aikinsa, ya daɗe tsaye a kan gawar da aka rufe da zane. Sannan ya juyo.

"Kawu, ya ambace ni?"

Tela ya so ya ce i. Bakinsa ya ƙi. Sai ya miƙa masa wayar, ya nuna masa saƙon. A ƙasa baƙon ya rubuta godiya mai tsawo, yana kiran tsohon Babana.

Direba ya saurara har ƙarshe, jijiyar wuyansa a miƙe. Ya sake kunnawa daga farko. Ya ajiye wayar a kan tagar ɗakin a hankali, kamar mai tsoron kada ya buga ta da ƙasa.

"Ashe ya iya," ya ce.

Maƙwabta sun fara shigowa suna neman inda ɗan mamacin yake. Tela ya leƙa titi. Bas ɗin na tsaye a gefen kwata, injin a kashe, kujeru babu kowa. Direba na zaune a mazauninsa, hannuwansa biyu a kan sitiyari, yana kallon hanya.